KADA A BAR JAKI A DOKI TAIKI: DARASIN YAƘIN UHUDU GA SAMARIN MUSULMI

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halitta, wanda Ya sanya wa kowane abu sababi, Ya kuma ba ɗan Adam hankalin da zai auna sabubba da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, wannan wa'azi a kan wata cuta ne wadda ta kama majalisunmu, ba mu kuwa ɗauke ta cuta ba. In wani ɗan'uwa ya karye a kasuwa, ko ya faɗi jarrabawa, ko aurensa ya ƙi zama, ka tambayi dalili, sai a jero maka dalilai ashirin. A ce gwamnati ce, a ce tsadar kaya ce, a ce Turawa ne, a ce 'yan uba ne, a ce wani ne ya yi masa asiri. Wasu daga cikin waɗannan gaskiya ne, wasu kuwa zato ne kawai. Amma ka lura da abu guda: duk dalilan nan a wajen gidan mutumin suke, babu ko ɗaya da zai iya taɓawa gobe da safe. Sai a tashi majalisa kowa ya huce haushinsa, matsala kuwa tana nan inda aka bar ta. Wannan shi ne Bahaushe ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.

To, Musulunci bai bar mu cikin duhu game da wannan ba. Allah Ya koyar da sahabbai yadda ake binciken dalilin masifa, Ya kuma koyar da su a ranar da suka fi kowa baƙin ciki, watau ranar Uhudu.

ABIN DA YA FARU A UHUDU

A watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, Ƙuraishawa suka taso daga Makka da mayaƙa 3,000 da dawaki 200, domin su rama abin da aka yi musu a Badar. Manzon Allah (S.A.W.) ya tara sahabbai ya yi shawara da su. Ra'ayinsa shi ne a zauna cikin Madina a jira su. Samari kuwa, musamman waɗanda Badar ta wuce su, suka matsa a fita a tare su a fili. Ya karɓi ra'ayinsu, ya shiga gida ya sa sulke biyu, aka fita da mutum kamar 1,000. Ana cikin tafiya shugaban munafukai, Abdullahi ɗan Ubayyu, ya janye da mutum kamar 300, ya koma Madina. Saura 700.

Da aka isa, Annabi (S.A.W.) ya sa dutsen Uhudu a bayan rundunarsa. Akwai wani ɗan tsauni a gefe inda mahaya dawaki za su iya zagayowa ta baya. Nan ya ajiye maharba 50 a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya gargaɗe su da kada su bar wurin, ko sun ga an ci nasara ko sun ga ana karkashe Musulmi, sai ya aiko musu.

Aka gwabza. Masu riƙe da tutar Ƙuraishu suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, rundunarsu ta watse, suka ba da baya. Halidu ɗan Walidu, wanda a lokacin bai musulunta ba, shi ke jagorancin dawakin ɓangaren dama, ya gwada zagayowa, maharban suka mai da shi da ruwan kibau. Da maharban suka ga abokan gaba sun gudu ana tattara ganima, sai mafi yawansu suka ce ai yaƙi ya ƙare, suka sauka. Shugabansu ya tuna musu umurnin da aka ba su, ba su tsaya ba, ya rage da mutum kamar goma. Halidu ya ga ƙofa ta buɗe, ya zagayo, ya kashe waɗanda suka rage, ya faɗa wa Musulmi ta baya. Waɗanda suka gudu suka juyo. Sahabbai kamar 70 suka yi shahada, har da Hamza baffan Annabi da Mus'abu ɗan Umairu. Shi kansa Manzon Allah (S.A.W.) aka ji masa rauni a fuska, aka karya masa haƙori.

YADDA ALƘUR'ANI YA AUNA DALILAN

Yanzu ɗan'uwa, a ce mu ne muka dawo daga Uhudu muka zauna majalisa. Ga dalilan da za mu kawo. Na ɗaya, sun fi mu yawa, kowane mutum ɗaya namu da huɗu nasu. Na biyu, munafukai sun ci amanarmu, sun janye kusan sulusin runduna. Na uku, suna da dawaki mu ba mu da su. Na huɗu, suna da gwanin yaƙi irin Halidu. Na biyar, da an bi ra'ayin zama cikin gari da ba a yi haka ba. Na shida, maharba sun bar wurinsu. Duk shidan nan sun faru, babu na ƙarya a ciki.

Sahabbai ma sun yi tambaya daga ina wannan ya zo musu. Allah Ya ambaci tambayar tasu a suratu Ali Imrana, aya ta 165, Ya kuma umurci Annabinsa ya gaya musu cewa daga su kansu abin ya fito. A aya ta 152 Ya fayyace: Ya cika musu alkawarinsa tun da fari suna ta cin galaba, har sai da suka yi rauni, suka yi jayayya a kan umurni, suka saɓa, bayan an nuna musu abin da suke so. Watau daga cikin dalilai shida, Alƙur'ani ya sa yatsa a kan na shida.

Me ya sa? Ka duba da kyau. Dalilai biyar na farko duk suna nan tun da safe. Tun da safe abokan gaba 3,000 ne. Tun da safe munafukai sun tafi. Tun da safe Halidu na kan dokinsa. Tare da haka Musulmi ne ke korar su. Abu ɗaya ne ya sake tsakanin safiya da rana, shi ne tsaunin maharba ya zama babu kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kuwa kana shakka a kan maganar yawa, ka tuna Badar, inda mutum ɗari uku da 'yan kai suka kori kusan 1,000. Ka kuma tuna Hunainu a shekara ta 8, inda Musulmi suka kai 12,000, yawan ya burge su, amma a karon farko suka watse, kamar yadda ya zo a suratut Tauba.

Sa'an nan wannan dalili na shida shi kaɗai ne yake hannunsu ɗungum. Ba su da ikon rage yawan Ƙuraishu. Ba su da ikon gyara zuciyar ɗan Ubayyu. Amma tsayawa inda aka ajiye mutum, wannan kam kowa na iyawa.

Kada wani ya ɗauki wannan magana ya buɗe bakinsa a kan sahabbai. Allah Ya faɗa a waɗannan ayoyi cewa Ya yafe musu, Ya kuma umurci Annabi (S.A.W.) a aya ta 159 da ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da shawara da su. Ka ga ke nan ana gano kuskure domin a gyara shi, ba domin a tozarta mai shi ba. Kuma kashegari, da raunukansu a jiki, Annabi (S.A.W.) ya kira waɗanda suka halarci Uhudu, suka bi sawun Ƙuraishu har Hamra'ul Asad. Ba a zauna zaman da-na-sani ba, an tashi an yi abin da ke yiwuwa a wannan rana.

MA'AUNI BIYU

Daga wannan ƙissa muna fitar da ma'auni biyu, waɗanda ya kamata kowane saurayi ya riƙe su kamar yadda mai awo ke riƙe mudunsa.

Ma'auni na farko shi ne nauyi. Ka tambayi kanka a kan kowane dalili: da an cire wannan, matsalar za ta tafi ko za ta tsaya? Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi na ganewa. Ɗaya, ka duba lokacin da abubuwa ke tafiya daidai, ka ga ko wannan dalili yana nan a lokacin. In yana nan kuma kana lafiya, to ba shi ne babba ba. Biyu, ka duba wani wanda wannan dalili ya shafa kamar yadda ya shafe ka, amma shi bai faɗi ba, ka ga me ya bambanta ku.

Ma'auni na biyu shi ne iko. Wannan abu yana hannuna, ko yana hannun wani da zan iya yi wa magana, ko kuwa ya fi ƙarfinmu duka? Wannan rabo ba ƙirƙirarmu ba ne. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idil Hudri, Annabi (S.A.W.) ya kasa gyaran ɓarna kashi uku gwargwadon ikon mutum: da hannu, in ba hali da harshe, in ba hali da zuciya. Ayar ƙarshe ta suratul Baƙara kuwa ta sanar da mu cewa Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Saboda haka ranar Lahira ba za a tambaye ka farashin dala ba. Za a tambaye ka abin da aka damƙa maka.

In ka auna, dalilai za su rabu gida huɗu. Mai nauyi da ke hannunka, da shi za ka fara yau. Mai nauyi da ba ya hannunka, ka yi masa tanadi, ka yi magana inda magana ke amfani, ka yi addu'a. Mara nauyi da ke hannunka, ya jira sai ka gama da babba. Mara nauyi da ba ya hannunka, ka fitar da shi daga zuciyarka, ɓata lokaci ne. Abin takaici, mafi yawan hirarmu a gida na biyu da na huɗu take ƙarewa, domin su ba sa neman gumin kowa.

Sahabbai sun riƙe darasin. A shekara ta 5 ƙabilu suka yi gangami, kusan mutum 10,000, suka nufo Madina. Musulmi kamar 3,000 ne. Ba su tsaya lissafin yawan da ba za su iya ragewa ba. Suka duba gari, suka ga duwatsu masu kaifi da gonakin dabino da gidaje sun tsare gabas da yamma da kudu, ta arewa ne kawai runduna da dawaki za su iya shigowa. Salmanul Farisi ya kawo shawarar gwalalo, aka haƙa shi a wannan ɓangare kaɗai, Annabi (S.A.W.) da kansa yana ɗaukar ƙasa. Da suka yi nasu, Allah Ya aiko da iska ta tumɓuke tantunan abokan gaba. Gwalalo nasu ne, iska kuwa ta Allah ce. Kada ka zauna jiran iska alhali ba ka haƙa gwalalo ba.

ABIN DA YA FARU A ZAMFARA

Kada ka ce wannan maganar yaƙi ce ta zamanin da. Ga misali a ƙasarmu. A shekarar 2010 yara ƙanana suka yi ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. Yaro zai kama amai, ya sanƙare, ya tafi. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba. Da ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari-na-kowa, watau MSF, ta sa aka auna jinin yaran, sai aka tarar gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu.

To, mu auna dalilai. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, shi ya sa mutane suka raja'a a kan haƙa. Wannan ba ya hannun mutumin Dareta. Duwatsun wurin Allah Ya halicce su da dalma a cikinsu. Wannan ma ba ya hannunsa. Akwai talauci, akwai sakacin hukuma, akwai rashin asibiti, duk gaskiya ne, amma gyaransu aikin shekaru ne, yara kuwa yau suke mutuwa. Sai dalili guda: ana kawo duwatsun cikin gida, a daka, a niƙa, a shanya a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Ƙurar nan ita ke shiga cikinsa. Wannan shi ne mafi nauyi, kuma shi ne ke hannun mai gida.

Abin da aka yi ke nan. Aka fitar da niƙan duwatsu daga cikin gidaje, aka kankare ƙasar saman gidajen aka zuba sabuwa mai tsabta, sa'an nan aka ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Ka lura da jerin. Likitoci sun nace sai an tsabtace gida tukuna, domin in ka ba yaro magani ya koma ya kwanta cikin ƙurar da ta sa masa ciwo, aikin banza ka yi. Shi ya sa yaran Bagega, wadda ba a samu kuɗin tsabtace ta ba sai 2013, suka daɗe suna jiran magani. Da an ce aljanu ne, ko mayu, aka tara kuɗi aka kai wa mai tsubbu, da yaran nan sun ci gaba da mutuwa ana ta turare. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri.

SHAGON ƊAN'UWA

Yanzu mu shigo gida. A ce wani ɗan'uwa ya buɗe shagon kayan masarufi da jarin naira 500,000, bayan wata shida kanta ta zama fayau. Ka tambaye shi, ya ce ai tun da aka cire tallafin man fetur komai ya lalace. Ba ƙarya ya yi ba. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka yi shelar cire tallafi, cikin 'yan kwanaki litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a garuruwan Arewa, kuɗin mota ya tashi, kaya suka bi. Wannan dalili ne mai nauyi, kuma ba ya hannunsa.

Amma Malam, ga shagon maƙwabcinka can a layi ɗaya da kai. Gwamnatinku ɗaya, kasuwar da kuke saro kaya ɗaya, shi kuwa har yanzu yana tsaye. Me ya bambanta ku? In ka bincika sai ka ga shi bayan sallar Asuba ba ya komawa barci, ya buɗe kafin yara su tafi makaranta, kai kuwa sai hantsi, domin ka raba dare kana latsa waya. Shi yana da littafi, kai komai a ka. Shi ya yanka wa kansa abin da zai ci daga riba, kai kuwa aljihunka da akwatin shago duk ɗaya ne. A ce kullum kana zarar naira 2,000 fiye da abin da riba ta kawo, na shayi, na katin waya, wani ma har da cacar ƙwallo, wadda haramun ce tsantsa. A wata naira 60,000 ke nan, a wata shida 360,000. Ka haɗa da bashin naira 100,000 da ka ba abokai saboda kunya, ba rubutu ba ranar biya. An tashi 460,000 daga cikin 500,000. To, ina laifin 'yan uba a nan?

Allah Ya saukar da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu da yanka masa lokaci. Muna karanta ta a Tarawihi muna kuka, gari ya waye mu ba da bashi ba rubutu. Littafin 'yan makaranta guda ɗaya da biro sun ishe ka ka raya wannan aya. Farashin mai ba ya jin maganarka, amma littafin nan yana ji.

Haka ɗalibi. Yajin aikin malamai da cunkoson aji da tsadar littattafai duk gaskiya ne. Amma wanda ya zo na ɗaya a ajinku, a wannan ajin mai cunkoso yake zaune. Ka ƙirga awa nawa ka ba karatu a makon nan, awa nawa ka ba waya da majalisa, ka rubuta lambobin biyu gefe da gefe ka dube su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

HANYAR BOKA

Wanda ya ƙi auna dalilai, Shaiɗan zai auna masa. Zai raɗa masa cewa da hannu a cikin lamarinka, ya kama hanyar boka ko malamin duba. A buga ƙasa, a ce masa wata tsohuwa ce a gidanku, ko ɗan'uwanka na uba, a karɓi kuɗin rago da na turare, a ba shi laya ya rataya a ƙofar shago. Ka ga asara uku a tafiya ɗaya. Sauran jarin ya tafi. Zumunci ya yanke a kan zato, alhali Allah Ya hana mu yawan zato a suratul Hujurati. Mafi girma kuwa, addini ya taɓu, domin ya tabbata a hadisin Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa har kwana 40. In kuwa ya gaskata shi a kan da'awar sanin gaibu, to abin ya wuce nan, Allah Ya kiyashe mu.

Ba mu ce babu sihiri ba, ba mu ce babu kambun baka ba. Akwai su, nassi ya tabbatar, kuma ba sa cutar da kowa sai da izinin Allah. Maganinsu yana hannunka kyauta: zikirin safe da yamma, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, da tsare salla a kan lokaci. Ka yi waɗannan, sa'an nan ka koma ka buɗe littafin shagonka. Boka ba zai taɓa ce maka ka rage barci ba, domin in ya faɗi haka ba za ka dawo masa da kuɗi ba.

ABIN DA YA FI ƘARFINKA

Wani zai ce, to Malam, kana nufin duk abin da ya same mu laifinmu ne, shugabanni ba su da laifi? A'a, ban faɗi haka ba. Zalunci zalunci ne, kuma duk wanda aka ba amanar jama'a ya ci, zai tsaya gaban Allah. Kuma akwai jarrabawar da ke samun mutum ba da sakacinsa ba, annabawa ne suka fi kowa shan irinta. Abin da nake cewa shi ne kowane dalili a ba shi irin aikin da ya dace da shi.

Abin da ke hannun wani, harshe ne aikinsa: nasiha, da rubutu, da zuwa wurin mai unguwa ko kansila ku da yawa da hujja a hannu, da sanin wanda za ka ba ƙuri'arka. Mutum ɗaya ba ya iya yashe magudanar unguwa, amma samari talatin na masallaci ɗaya suna iyawa a safiyar Asabar guda kafin damina. Sau da yawa abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin jama'a ba. Zagi a majalisa kuwa ba ya cikin gyara da harshe, domin wanda ake zagi ba ya wurin.

Abin da ba ya hannun kowa kuma, tanadi ne aikinsa. Annabi Yusufu (A.S.) bai iya hana fari na shekara bakwai ba, bai kuma ɓata lokaci a kan hakan ba. Ya ce a yi noma shekara bakwai a jere, a bar hatsi cikin zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci, kamar dai yadda iyayenmu ke zuba damman gero a rumbu ba tare da an sussuke ba. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa wasa da rumbu, ka tambaye su. Ruwan sama na Allah ne, rumbu naka ne.

Kada kuma wani ya fake da ƙaddara. A zamanin halifancin Umaru ɗan Haɗɗabi (R.A.) annobar Amwasa ta ɓarke a Sham, shi kuwa yana kan hanyar zuwa can. Da labari ya iske shi a Sarga, ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishu, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umaru ya nuna masa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai su da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Sa'an nan Abdurrahmanu ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana fita daga cikinsa. Umaru ba shi da iko a kan annoba, yana da iko a kan linzamin raƙuminsa, shi ya juya.

Wannan shi ne tawakkali na sunna. Mutumin da ya tambayi Annabi (S.A.W.) ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, an umurce shi ya ɗaure ta tukuna sa'an nan ya dogara. Maganar nan da mutane ke yi cewa wai Allah Ya ce tashi in taimake ka, ba aya ba ce, ba hadisi ba ne, kada a jingina wa Allah abin da bai faɗa ba. Abin da ya tabbata ya ishe mu: a hadisin Muslim daga Abu Huraira an umurci mumini ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya, in kuma abu ya same shi kada ya buɗe ƙofar da-na-yi-kaza, domin ta nan Shaiɗan ke shiga. Kuma suratur Ra'adi, aya ta 11, ta sanar da mu cewa Allah ba Ya sauya halin da mutane ke ciki sai sun sauya abin da ke cikin zukatansu.

RUFEWA

Ya ɗan'uwa, ga aikin da nake so ka yi a daren yau bayan Isha'i. Ka sami takarda ka rubuta matsala ɗaya da ta fi damunka, ɗaya tak. Ka jero duk dalilanta, kada ka ɓoye wanda ya shafe ka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaban kowane dalili ka rubuta babba ne ko ƙarami, sa'an nan ka rubuta hannu, ko harshe, ko addu'a. In ka rasa ganewa, ka kai wa wani dattijo ko aboki mai tsoron Allah wanda ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya, domin ido ba ya ganin kansa. Wanda ya fito babba kuma na hannu, shi ne tsauninka na maharba. Ka tsaya a kansa wata guda cur, kada ka sauka don ka hango ganima a wani wuri. In ya gyaru ka ɗauki na biye da shi.

Kuma ka sani, a kowace takarda akwai dalili guda da yake babba kuma yake hannunka, ko ka rubuta shi ko ba ka rubuta ba, shi ne tsakaninka da Ubangijinka. Sallar Asuba cikin jam'i, da barin haram a cikin nema, da biyayya ga iyaye, da tuba daga zunubin da kai kaɗai ka san shi. Babu gwamnatin da ta hana ka waɗannan. Da su za ka fara.

Ya Allah Ka nuna mana kurakuranmu tun muna da ikon gyarawa. Ka ba mu ƙarfin yin abin da Ka ɗora mana, Ka isar mana abin da ya fi ƙarfinmu. Ka tsare samarinmu daga shirka da bidi'a da kasala da zaman banza. Ka shiryi shugabanninmu, Ka sanya tausayin talakawa a zukatansu. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.